Ɗacin Kunun Malam

Da bayan cokali Safiyyatu take niƙa ƙwayar maganin, a cikin wani ɗan farantin tangaran da ta ware wa wannan aiki shi kaɗai. Hannunta ya riga ya saba. Tana dannawa ƙwayar ta tsage, ta murza har ta zama gari, ta kaɗe a kofin Malam, ta kwarara kunun tsamiya mai zafi a kai. Duk tana yi kunnenta na tsakar gida, inda mijinta ke zaune a tabarma yana jiran karin kumallo.

Tana cikin juyawa motar talla ta shigo layinsu na Tudun Wada, da lasifika ɗaure a samanta. Muryar da ke fita ta mijinta ce.

"Ni ne Malam Abdulaziz, tsohon hedimasta. Wanda ya san ni ya san ban iya ƙarya ba. Na yi shekaru ina fama da ciwon suga, yau ga ni na rabu da shi. Ko ƙwaya ɗaya ba na sha."

Safiyyatu ta dubi farantin da ke hannunta, da sauran farin gari a gefensa. Ita kaɗai ce a kicin, amma sai da ta sunkuyar da kai. Ta ɗauraye farantin, ta cusa shi bayan tukwane, ta ɗauki kofi ta fita.

Ta tarar da Malam ya karkata kunne yana murmushi, irin na mutumin da ya ji ana yabon ɗansa. Ya karɓi kofin ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce har yanzu wannan tsamiyar tata ba ta daina ɗaci ba.

"Ta bana ce haka, Malam," in ji ta.

Ya shanye tas, ya yi hamdala.

* * *

Ciwon suga gado ne a gidan su Malam. Shi ya ɗauke mahaifinsa, shi ya makantar da yayarsa, kuma tun ranar da likita ya faɗa masa shi ma ya kamu, Malam bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo kawai ba. A wajensa tozarci ne. Mutum ne mai son a gan shi tsaf, wanda ko ɗigon miya ya taɓa rigarsa sai ya canza. Ga shi kuma a wajen walima a miƙo lemo ya ce a'a, wani ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Malam ruwa, mai suga ne. Ga fitsari da ke tayar da shi daga sahu ana dab da tayar da salla. Ga ƙwayoyi safe da yamma, shekara da shekaru, ba ranar gamawa.

Abokin wahalarsa shi ne Isaiah tela, wanda shagonsa ke manne da katangar gidansu. Isaiah mutumin kudancin Gombe ne, dattijon coci, mai barkwanci, kuma shi ma suga ta kama shi kusan lokaci ɗaya da Malam. Tare suke shiga napep zuwa asibiti ranar ganin likita, su dawo suna gardamar wanda ya fi wani satar cin dabino. Duk manyan rigunan Malam Isaiah ne ya ɗinka su, a kan wani tsohon keken ɗinki na ƙafa da ya ƙi rabuwa da shi. Ya ce wutar lantarki tana tafiya yawonta, ƙafarsa kuwa kullum tana nan. Tun da sassafe ƙarar keken nan ke ratso katanga, har Safiyyatu ta saba ɗora tukunya da ita.

Ana nan sai ga wani mai farar riga da ake kira Dokta Danny, wanda ba wanda ya san garinsu. Ya kama zaure a wani otal, ya tara masu suga, ya haska musu hoton wani abu mai kama da murɗaɗɗen tsani. Ya ce wannan ita ce ƙwayar halittar da mutum ke gada daga iyaye, kuma a jikinta ciwon yake rubuce. Ƙwayoyin asibiti ganye kawai suke sassabewa, allurarsa kuwa saiwa take tonewa. Ya kira sunan aikin da Turanci, jin terafi, mutane suka ga sunan ya yi musu nauyi suka sa masa suna allurar gado. Sharaɗi ɗaya ne: wanda aka yi wa sai ya bar duk maganin asibiti, don wai suna faɗa da juna a cikin jini.

Kalmar gadon nan ita ta kama Malam. Ya dawo gida idonsa na ƙyalli, ya ce ashe abin da ya kashe Baffa, mahaifinsa, yana gogewa. Isaiah ya yi dariya ya ce shi tela ne, ba ya yanka yadi sai ya gwada, don haka sai ya gani a jikin wani. Malam ya je aka yi masa. Ran da aka gama, ya tattara ƙwayoyinsa ya zuba a masai, ya sa aka sayo masa lemo mai sanyi ya sha a ƙofar gida kowa na gani.

Ba a yi nisa ba Safiyyatu ta ga kiyashi sun yi layi a makewayi, daidai inda yake tsugunawa. Ta ga randa na saurin ƙarewa, ta ga wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ta san waɗannan alamu, ita ta yi jinyar surukinta. Ta lallaɓa ta ce ko za a ɗan koma asibiti a gwada. Malam ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsar shirme, ya tambaye ta ko ta fi likita sani ne. Daga nan ba ta ƙara ba. A gidan da ta tashi, Innarta har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, balle ta ce masa ya yi kuskure. Safiyyatu ta iya haƙuri, ta iya kawaici, ta iya kawar da kai. Abin da ba ta iya ba shi ne ta zauna tana kallon mutum yana narkewa.

Ta tono wani tsohon kwalin maganin da ya tsira a ƙasan gado, ta yafa mayafi ta tafi kemis ɗin Madam Nwakaego, can nesa da layinsu. Madam ta dubi kwalin, ta dube ta, ta ce ai ta ji an ce Hedimasta ya warke. Safiyyatu ta ce na wata 'yar'uwarta ne. Wannan ce ƙaryar farko, kuma ta yi mamakin yadda ta fito ba gargada.

Da safe a kunu, da yamma a miyar kuka, inda daddawa da yaji ke rufa mata asiri. Ta rage masa tuwon shinkafa da dabara, ta yawaita acca da wake da zogale, ta ce kasuwa ce ta yi tsada. Sukarin da yake cewa a zuba masa kuwa, ƙarar cokali kawai yake ji a jikin kofi. Kiyashi suka watse. Jikin Malam ya dawo.

Da ya koma wajen Danny aka tsaga yatsa aka gwada, sai ga suga ta sauka. Danny ya rungume shi a gaban jama'a, ya miƙa masa makirufo. Malam kuwa abin nema ya samu, ya gyara tsayuwa ya yi jawabi kamar ranar rabon sakamako. Aka naɗi muryar, aka ɗora a mota.

A daren farko da ta ji tallar Safiyyatu har dariya ta yi a ranta, ta ce oho dai, in yana da lafiya kowa ma ya karɓi yabon. Dariyar ta ƙare ran da ta jiyo Isaiah ta katanga yana cewa, "To Hedimasta, na gani a jikin wani. Gobe ka raka ni."

* * *

Aka yi wa Isaiah allurar, shi ma ya bar maganinsa. Wata 'yar allurar ɗinki ce ta faɗi a shago, ya taka bai ma ji ba. Sai da matarsa Dokas ta ga jini a silifa. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya ƙi kamewa. Danny ya ce albishir ne, tsohon ciwo ne ke neman hanyar fita, kada a kuskura a kai asibiti su ɓata aiki. Ƙarar keke ta fara yankewa. Sai a ji ta ta ɗauko, ta tsaya, a daɗe shiru.

Wata ranar Talata da hantsi Dokas ta shigo, Malam ya fita ta'aziyya. Shekarunsu masu yawa suna maƙwabtaka, suna aika wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti, kuma Adda, wato yaya, take kiran Safiyyatu. Ta zauna a bakin turmi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mijinta, Baban Becky, ba ya barci, yana shan ruwa kamar rijiya, ƙafar ta fara wari. Allura ɗaya aka yi musu da Malam, hannu ɗaya. Me ya sa ta karɓi wannan ta ƙi wancan?

"Adda, ki faɗa mini tsakani da Allah. Me kike ba shi?"

Farantin yana nan bayan tukwane, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Safiyyatu ta buɗe baki. A cikin wannan ɗan lokaci ta ga duk abin da zai biyo baya. Dokas ba za ta iya riƙewa ba, dole ta faɗa wa mijinta, kafin la'asar maganar ta kai majalisar bakin masallaci. Malam, wanda ake kira ya raba gardama saboda ba ya ƙarya, zai zama abin nuni, mutumin da ya yi ta shela a mota alhali matarsa ke ɗura masa magani kamar jariri. Ita kuma? Kowa ya san sunan da ake kiran macen da ke zuba wa miji gari a abinci a ɓoye. Ba wanda zai tsaya tambayar garin mene ne. Za a ce barbaɗe take masa, za a ce ashe shi ya sa duk shekarun nan bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tana da 'ya'ya mata a gidajen miji, da surukai masu dogon kunne.

"Ki mayar da shi kan maganin asibiti, Maman Becky," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Malam ya koma ne?"

"Bai koma ba."

"To kin gani. Ko na faɗa ba zai ji ba. Cewa zai yi ga Hedimasta nan garau."

Safiyyatu ta tashi ta auno mata acca, ta ƙulla mata busasshen zogale, ta yi mata bayanin yadda ake dafawa, dalla-dalla, da yawan magana irin ta wanda ke gudun shiru. Dokas ta karɓa hannu biyu tana godiya, har da cewa Allah ya bar zumunci. Bayan ta fita Safiyyatu ta zauna a inda Dokas ta tashi. Ta gaya wa kanta ai ba ta yi ƙarya ba, Malam bai koma ba, ita ce ta mayar da shi. Ta kuma gaya wa kanta ai ta ba da shawarar gaskiya, ba a ɗauka ba ne. Duk ta san ƙarya take yi wa kanta, kuma kunyar da ta ji ta fi ta ranar da aka kai ta ɗakin miji.

Ta yi niyyar faɗa gobe. Goben ta zo, ta ce bari Malam ya dawo daga masallaci. Ya dawo da fara'a, ta ce ba yanzu ba. Ta yi tunanin ta sayi ƙwayoyin ta ba Dokas ta riƙa zubawa, ta ga wannan ma tona kai ne. Haka kwanaki suka yi ta wucewa, tana niƙa ƙwaya tana sauraren katanga, har ranar da keken bai yi ƙara ba sam.

* * *

A sume aka kai shi asibiti. Likitoci suka ce ruɓar ta haura, in ana son ransa sai a bar musu ƙafar. Daga ƙasan gwiwa suka yanke, ta dama, wadda yake taka keke da ita.

Malam da Safiyyatu suka je dubiya da kwanon farfesu. Isaiah na kwance ya rame, zanin da aka rufa masa ya tashi a gefe ɗaya, ya kwanta shafal a ɗaya gefen. Safiyyatu ta kalli wurin sau ɗaya ba ta ƙara ba. Dokas na zaune a ƙasa, ta tashi ta ba ta kujera, ta ce accar nan ta yi musu amfani, ita kaɗai yake iya ci.

Malam ya kasa zama. Ya yi ta gyara hula yana cewa bai gane ba, ya kira Danny, Danny ya ce wataƙila Isaiah ya sha wani abu a ɓoye ne ya karya allurar. Isaiah ya yi ɗan murmushi.

"Kada ka sa wa ranka, Hedimasta. Ba ka yi mini ƙarya ba, da idona na gani. Jini ne kowa da irin nasa."

Suna haka likitar ɗakin ta zo zagaye, wata mai suna Dokta Jacinta, doguwa marar wasa. Da ta ji sunan Malam ta tsaya, ta ce ashe shi ne mai muryar motar nan, wannan ne mutum na nawa da aka kawo mata yana ambaton sunansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gyaran ƙwayar halitta ilimi ne na gaske, masana na aiki a kansa, amma a kan irin wannan ciwon suga har yanzu bincike da gwaji ake yi, bai zama abin sayarwa a zauren otal ba. Abin da aka ɗura musu a jiki, ita ba ta sani ba, Allah ya sa ruwa ne kawai.

Malam ya ji an taɓa shi a gaban mutane. Ya miƙa yatsa ya ce a gwada shi yanzu. Aka kawo na'ura aka gwada. Likitar ta dubi sakamakon, ta sake dubansa, ta ce lallai ba laifi. Sannan ta tambaye shi ko ya tabbata ba ya shan komai.

Malam ya dafa ƙirji. "Wallahi tallahi, tun ran da aka yi mini allurar nan ƙwaya ba ta shiga bakina ba."

Safiyyatu ta ji kamar an zare mata zani a tsakiyar kasuwa. A zamansu kaf ba ta taɓa jin ya rantse ba, yakan ce mai gaskiya ba ya bukatar rantsuwa. Yau ya kama sunan Allah a kan ƙarya, kuma ita ta niƙa ƙaryar da hannunta ta ba shi ya sha. Likitar ta juyo ta dube ta, kallo ɗan gajere, na mace da mace. Safiyyatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Suna fita, a bakin ƙofar ɗakin, wani mutum ya biyo su da sauri. Ya ce mahaifiyarsa ce a gadon ƙarshe, suga ta hana ta sakat, kuma ya ga gwajin da aka yi yanzu da idonsa. Ya roƙi Malam lambar mai allurar. Malam ya waiwayi gadon Isaiah, sannan ya laluba aljihu ya ce wayar tana gida, amma ya zo gobe da hantsi, gidan da ke jikin shagon tela, kowa ya sani.

Suka hau napep suka koma gida.

* * *

Washegari ta dama kunu kamar kullum. Ta ɗauko farantin tangaran daga bayan tukwane, ta ɓallo ƙwaya ta ɗora a kai, ta ɗauki cokali. Ta daɗe a tsaye. Ta katanga ba abin da ke shigowa sai kukan kaji.

Ba ta niƙa ba. Ta zuba kunun a kofi haka nan, ta jera a tire, kofi da faranti da ƙwayar a tsakiyarsa, da cokalin a kife a gefe, da kwalin maganin. Ta kai gabansa ta ajiye, ta koma gefe ta durƙusa.

Hankalin Malam na wani wuri, bai dubi tiren ba. Ya ɗauki kofi ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya juya shi a baki.

"Yau kam tsamiyar..." ya fara, sai idonsa ya sauka a kan farantin.

Ya dubi ƙwayar. Ya ɗauki cokalin ya juya bayansa, inda ƙarfen ya goge ya yi fari saboda murza. Ya ɗauki kwalin, irin wanda ya zubar a masai, ya ga an kusa shanye shi. Malam mutum ne mai saurin fahimta, aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ta ga abin yana shigarsa a hankali, daga ido zuwa kafaɗu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka yi jawabi, Malam."

"Dokas ta sani?"

"Ta tambaye ni. Ban faɗa mata ba."

Ta jira faɗa, ta jira saki ma, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya zauna riƙe da cokalin, ita tana kallon tabarma, shi yana kallon katangar shagon. Ba wanda ya iya duban wani.

Can ya ɗauki ƙwayar ya sa a baki. Bai nemi ruwa ba. Ta ji ƙarar ta a haƙoransa yana taunawa, fuskarsa ba ta ko motsa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da babbar riga, shuɗiyar da Isaiah ya ɗinka masa ta sallar bara, ya sa hula. Ya ce akwai mai zuwa karɓar lamba, gara ya tare shi a waje, daga nan kuma zai wuce asibiti. Muryar ba irin tasa ba ce.

Ya kai zaure ke nan motar ta karyo kwanar layin. Daga inda take durƙushe Safiyyatu tana hango bayansa, hannunsa a kan sakatar ƙofa.

"Ni ne Malam Abdulaziz, tsohon hedimasta. Wanda ya san ni ya san ban iya ƙarya ba."

Motar na tafiya a hankali saboda ramukan layin, yara na bin ta suna maimaita maganar, don sun riga sun haddace. Malam bai buɗe ƙofar ba. Ya tsaya a cikin duhun zauren, kansa a ƙasa, yana jira muryarsa ta wuce.